Sikelin Fulawa

A gidanmu ba a jayayya da Mama ranar Alhamis Mai Maiƙo. Sauran ranakun ma ba kasafai ake cin galaba a kanta ba, amma wannan ranar ko limamin cocinmu ne ya shigo shago, sai ya bi layi ya kama bakinsa. Ita ce Alhamis ta ƙarshe kafin azuminmu na Kirista, ranar da duk yankinmu na Silesia ke cin kreple (guda ɗaya krepel ake ce masa), fanken nan namu mai jam a ciki, kuma kowa ya san wanda bai ci ko guda ba ya yi ban kwana da sa'a sai wata shekarar. Mama ta yarda da wannan fiye da yadda ta yarda da likita. Gidan burodinmu ne ke ci da rabin unguwar masu haƙar kwal, don haka ranar sai mun soya kreple wajen dubu biyu, ni da ita da ƙanwata Marlena.

Ni ce Bogusia, ni ke kwaɓi. Marlena ce mai ɗaukar buhunan fulawa, ita ce kuma 'yar damben gidan.

Tana da shekara goma sha tara ta fara, a shekarar da ciwon huhun masu shiga rami ya ɗauke mana Baba. Pan Alojz (Pan kamar Malam ne a wajenmu, mace kuma Pani), wanda suka yi aiki tare da Baba, yana koyar da dambe a ɗakin ƙasa na tsohon gidan wankan ma'aikata. Ya zo sayen burodi ya ga yarinya ta saɓa buhu biyu tana hira, sai ya ce wa Mama waɗannan kafaɗun asara ake yi da su. Mama ta ce masa ya karɓi burodinsa ya kama gabansa. Washegari Marlena ta bi shi da kanta.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Damben nata ba na kuɗi ba ne, lambar tagulla ake ba su da takardar yabo, wani lokacin da fure. Ta hau dandamali sau tamanin da wani abu, an karya mata hanci sau biyu, har yanzu in tana barci sai ka ɗauka butar shayi ce ke tafasa. Sau biyu tana kaiwa dab da wasan ƙarshe a gasar ƙasa, sau biyun ana tare ta a nan. Ni dai na raka ta garuruwan da ban san da su a taswira ba, ina riƙe mata tawul ina zagin alƙalai a zuci. Mama kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba. Ta dai kan duba fuskar, ta yi tsaki, ta miƙa mata ƙanƙara a tsumma.

A wannan hunturun Pan Alojz ya ce gwiwoyinsa sun gaji da matakala, ƙarshen bazara zai rufe wajen. Marlena ta ce ba za ta sa safar dambe a gaban wani kocin ba. Saura mata gasar ƙasa guda ke nan, ta watan Afrilu, kuma ba a zuwa sai an ci ta lardi. A ajinta na kilo hamsin da bakwai mata biyu ne kacal suka shiga, ita da wata Oliwia 'yar shekara ashirin. Wasa ɗaya, wadda ta ci ta tafi. Wani mai hikima a ofis, wanda na tabbata uwarsa ba ta taɓa soya komai ba, shi ya sa wasan ranar Juma'ar da ke bin Alhamis Mai Maiƙo.

Ranar Laraba Marlena na kilo hamsin da bakwai da giram ɗari huɗu. Ta wuni ba ta ci komai ba sai ƙwai biyu da ganye. Ranar Alhamis ta tsaya gaban kasko tun safe tana juya kreple cikin kitse, ƙamshi na dukan ta, ruwa ma sai dai ta kurkure baki ta tofar. Leɓenta duk ya bushe. Da azahar, da layi ya ɗan ragu, Mama ta zaɓo mafi kyau, mai farin zobe a tsakiya, ta ɗora a faranti ta tura mata.

"Ci."

"Mama, gobe ake awon nauyi."

"Awon ya ci gidansu. Ni ban taɓa ganin wanda krepel guda ya kashe ba."

"Giram ɗaya in ya hau, ba za su bar ni in hau dandamali ba."

"To ki hau ba sa'a mana! Ki je yarinyar nan ta mayar miki da hanci ta ƙeya. Kakarki a shekarun da ba sukari ma sai da ta nemo ta soya, ke kuma ga shi a gabanki kina yi masa kallon guba."

Na sa baki na ce ta ƙyale ta. Mama ta juyo kaina.

"Ke kuma wa ya kasa da ke? Biyar kika ci tun safe, ina ƙirgawa."

Bakwai ne, amma ban gyara mata ba.

Marlena ta goge hannu ta ce bari sikeli ya raba gardama. Muna da tsohon sikelin fulawa, faranti a ƙasa, allura a sama. Duk shekara jami'in awo kan zo ya duba shi ya manna masa takarda, kuma a kansa Marlena ke auna kanta tun da ta fara dambe, bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta sauke daron kwaɓina daga kai, ta tuɓe takalma da rigar aiki, ta hau. Allura ta yi rawa ta tsaya a hamsin da shida da rabi.

Ta sauka ta sake hawa. Haka dai.

"Rabin kilo ya rage miki," in ji Mama, tana harɗe hannu. "Sai kuma wace ƙaryar?"

"Zafin kaskon nan ne ya tsotse ni," in ji Marlena, murna ta cika ta.

Ta zauna a kan buhu ta ci krepel ɗin a hankali, idonta a rufe, jam na zuba a yatsunta. Mama ta ƙara mata wani ta ce na farkon na sa'a ne, wannan na ƙarfi. Ta sha shayi kofi biyu da ruwa kwalba guda. Gudun da ta shirya yi da yamma cikin rigunan sanyi ta fasa, ta tafi ɗakinta ta huta. Na daɗe ban ga Mama da fara'a irin ta ranar ba, har waƙa take yi a gaban kasko.

Ranar Juma'a na ɗauko ta a motar kai burodi, muka tafi zauren wasanni na garin da ke maƙwabtaka da mu, tafiyar minti goma sha biyar in ba dusar ƙanƙara. Akwai ta kuwa. Ana buɗe awo ƙarfe bakwai, a rufe ƙarfe tara, kuma sikelin hukuma sau ɗaya ake hawa. A baranda suka ajiye na gwaji, kowa ya duba kansa kafin ya shiga. Pan Alojz na tsaye da sandarsa yana jiran mu. Marlena ta hau na gwajin tana yi masa ba'a a kan hularsa.

Hamsin da bakwai da giram ɗari shida.

"Wannan sikelin ya lalace," in ji ta.

Pan Alojz ya waiga. Ya kira wata yarinya da ta riga ta fito daga awon hukuma, ya ce ta hau. Lambar da aka rubuta mata a kati ita ta fito, ba ƙari ba ragi.

"Me kika ci?" ya tambaya.

"Koci, jiya da rana hamsin da shida da rabi nake. Na rantse. A sikelinmu, Bogusia na wajen."

Tana ambaton sunana na tuna. A bayan sikelinmu akwai ɗan noti. Ranar Alhamis Mai Maiƙo kaɗai, saboda ina auna kwaɓi sau arba'in a cikin daro ɗaya, nakan murɗa notin in cire nauyin daron, giram ɗari bakwai, don kada in yi ta lissafi hannuna duk fulawa. Haka Baba ya koya mini. Da yamma in mayar da shi, kuma jiyan ma na mayar, hannuna ne ya yi ba tare da kaina ya sani ba. Duk wanda ya hau sikelin nan jiya da rana, an yafe masa giram ɗari bakwai.

Na faɗa musu. Ban san yadda maganar ta fito ba, amma ta fito. Na so a ce Marlena ta mare ni, da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai, ta dubi agogon bango. Bakwai da minti goma.

"Ɗakin gumi na wajen ninkaya?" ta tambayi Pan Alojz.

"Sai goma suke buɗewa."

"Gudu a waje fa?"

"A wannan sanyin? Sai ki yi awa biyu ba ki jiƙa hular kanki ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Marlenka, ɗari shida ne. Ko kin sauke su, da wace ƙafar za ki yi dambe da yamma?"

"Wannan matsalar yamma ce. Bogusia, ina makullin mota?"

"Marlena, ni fa..."

"Ki tuƙa mota. Kukan ki ajiye shi, ruwan jikinki ba ya rage mini komai."

Na tuƙa kamar wadda ta sato motar, Pan Alojz a baya cikin kwandunan burodi yana kiran Yesu da Maryamu a kowace kwana. Bakwai da rabi muka tsaya a ƙofar baya ta shago. Mama na gaban tanderu, ta zuba burodin safe bai fi minti goma ba, mutane sun fara layi a gaba. Ta gan mu mu uku ta ajiye matsamin burodi.

"Har an gama? Wa ya mutu?"

Na sake faɗin abin da na yi, karo na biyu. Mama ta saurara har ƙarshe. Ta dubi sikelin, ta dube ni, sannan ta dubi farantin da ke kan tebur da ragowar kreple na jiya. Na ga fuskarta ta canza. Ba ni kaɗai ce mai laifi ba, kuma ta sani.

"Nawa?" ta ce.

"Ɗari shida. Kafin tara saura kwata."

Tanderunmu na bulo ne, kakanmu ya gina, yana da ƙofofi biyu na ƙarfe. Duk mai gasa burodi ya san in ka buɗe su burodi na tsakiyar tashi, ka kashe shi. Tun muna yara, taɓa ƙofar nan ya fi fasa gilashin coci laifi. Mama ta naɗe hannu da tsumma ta wangale duka biyun. Zafi ya bugo mu har sai da na ja baya. Ina kallo burodi ɗari da ashirin suka lotsa.

"Rufe taga," ta ce da ni. "Toshe ƙasan ƙofa da buhu. Ke kuma tuɓe."

Muka sa wa Marlena ledar shara biyu, muka huda wajen kai da hannu, muka ɗora rigar gudu, muka ɗora tsohuwar rigar ulu ta Baba da ke rataye a bayan ƙofa. Ta ɗauko igiyarta ta tsaya taku uku daga bakin tanderu ta fara tsalle. Rufin ɗakin gajere ne, igiyar na karce shi, fulawar shekara da shekaru na zubo mata a ka.

Aka fara buga ƙofar shago. Mama ta leƙa ta ƙaramar taga.

"Yau ba burodi!"

"Pani Truda, wace irin magana ce wannan?" Sunan Mama ke nan aka kira. Muryar Pani Hilda ce, maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa fashin safiya ba. "Ga ƙamshinsa ina ji!"

"To ki ci ƙamshin. 'Yata nake gasawa."

Ta rufe tagar.

Pan Alojz ya zauna a kan buhu da agogo a hannu, minti uku tsalle, rabin minti hutu. A hutun ni nake zura tawul ta ƙarƙashin ledar in goge ta, don gumin da ya tsaya a fata ba ya barin wani ya fito. Minti ashirin na farko tana yi tana tsokanar kowa. Daga nan tsokanar ta ƙare. Ba ka jin komai sai igiya a kan siminti da numfashinta ta karyayyen hancin nan. Gumi na bin ƙafafunta yana taruwa a ƙasa yana zama kwaɓi. Ni da ke tsaye kawai na jiƙe sharkaf.

Ƙarfe takwas da minti biyar ta tuɓe ta hau sikelin. Sai da na duba notin sau uku. Hamsin da bakwai da ɗari biyu da hamsin.

Ta mayar da ledar. Wannan karon ƙafarta ta fara harɗewa da igiya. Ta faɗi a gwiwa sau ɗaya, ta tashi. Gumin ya ragu, jiki ya ƙi bayarwa, fuskarta ta yi ja sannan ta fara fari. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba. Takwas da ashirin da biyar, saura giram ɗari.

"A yanke gashin," in ji Pan Alojz. "Kitson nan nata zai kai ɗari. Bogusia, kawo almakashi."

"Wanda ya taɓa gashin nan sai na tura shi ciki ya bi burodin," in ji Mama. "Kai da ba ka da ko sili, ka iya rabon na mutane."

Ta ture shi daga kan buhun ta karɓe agogon. Ta tsaya gaban Marlena, tsohuwa mai shekara sittin da huɗu, fuskarta na ɗigar gumi.

"Dube ni. Ni na ɗura miki shi, a gabana za ki fitar da shi. Tashi! Ɗaya. Biyu. Uku. Haka kike tsalle a wajen naku? Ashe shi ya sa ake dukan ki. Ɗaga ƙafa!"

Marlena ta yi wata 'yar dariya da ba sauti, ta ɗaga ƙafa. Mama ta ƙirga mata ɗari bakwai ba hutu, da muryar da take ƙirga burodi in ana lodin mota. Ni ina tsaye da tawul ina kuka, ba wanda ya kula ni.

Tara saura minti huɗu muka shiga zauren, Pan Alojz na gaba yana ture mutane da sanda. Matar da ke awo ta dubi Marlena, gashi fari fat da fulawa, ta ɗaga gira. Ni aka bar ni a bakin labule. Na ji ƙarar ƙafa a kan faranti, sai shiru, sai matar ta ce, "Hamsin da bakwai daidai." Na zame na zauna a ƙasa.

Ƙarfe huɗu aka kira Marlena da Oliwia. Tsakani ta sha ruwa da romo, ta kwanta a kan benci ƙafafu a sama, amma awa guda ana tsalle a bakin wuta ba a mayar da shi da romo. Duk wanda ya san Marlena ya san da ƙafa take dambe. Takan shiga ta taɓa ta fita, ta bar abokiyar karawa tana naushin iska. Ranar ba ƙafar. A turmin farko Oliwia ta yi ta zagaya ta, doguwa ce, sabon jini, tana sakar mata hagu a fuska yadda ta ga dama. Da aka buga ƙararrawa Pan Alojz ya cire mata robar baki yana huci.

"An cinye ki a wannan. Ba za ki iya bin ta ba."

"Na sani."

"To ki daina bin ta. Ki tsaya, ki bar ta ta zo. In ta zo, ciki."

Haka ta yi. Ta kafe a tsakiya, ta ɗaga hannu ta rufe fuska, ta bar yarinyar ta shigo. Yarinya kuwa ta ga tsohuwa ta gaji, ta shigo da ƙarfinta. Marlena ta sha biyu a goshi ta saka ɗaya a haƙarƙari. Ta sha biyu ta saka ɗaya. A na huɗun na ji Oliwia ta yi wani nishi, hannunta ya sauko. Dab da ƙarshen turmin Marlena ta kai dama da dukkan kafaɗar buhun nan, yarinyar ta sunkuya, naushin ya sauka a tsakar kanta. Na ga ƙanwata ta ƙifta ido sau ɗaya, shi ke nan.

A turmi na uku ba ta sake kai dama ba. Ta bar hannun a gefen fuska kamar mai gadi, ta yi aikin duka da hagu, tana matsawa gaba taku ɗaya ɗaya, tana jan ƙafa. Oliwia ce yanzu ke ja da baya tana kare ciki. Zauren ya ɗauki ihu. Ni har muryata ta dushe, ban san me nake faɗa ba, Pan Alojz ya ce zagi ne kuma wasu kalmomin bai taɓa jin su ba ko a cikin rami.

Alƙalai uku suka ba Marlena, biyu suka ba yarinyar. Da alƙalin wasa ya kama hannunta na dama ya ɗaga, ta cije leɓe har ya yi jini.

A ɗakin sauya kaya ni na yanke mata bandejin. Bayan hannun ya kumbura ya yi shuɗi, wani ƙashi ya turo fata. Likitan gasar, wata dattijuwa mai tabarau, ta latsa a hankali ta girgiza kai.

"Ya karye. Tun yaushe?"

"Turmi na biyu."

"Kuma kika ci gaba. Sai an ɗauki hoto, amma ki sa a ranki mako shida cikin filasta, in an yi sa'a."

Ta fita nemo takarda. Muka rage mu biyu. Na durƙusa a gabanta riƙe da almakashi. Da ƙafarta na nan da ba ta tsaya musayar naushi ba, da hannun bai karye ba, kuma ni na cinye ƙafar da ɗan noti. Na buɗe baki in faɗi wannan.

"Bogusia, yau nawa ga wata?"

"Goma sha uku."

"Gasar ƙasa fa?"

"Goma sha bakwai ga Afrilu. Marlenka, ki saurare ni, ni ce..."

Ba ta saurare ni ba. Ta ɗora lafiyayyen hannun a gwiwa tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Da yatsun suka ƙare ta sake farawa.

"Mako tara," ta ce. "Shida na ƙashi, uku nawa. Gaya wa Koci kada ya yi nisa da makullin wajen horo, Litinin zan zo aikin hagu."